Abubuwan Kallo A Yammacin Zamfara, Da Abin Da Ya Tare Hanyar Baƙi

Mutanen kudu da baƙin ƙetare, in suka ji an ambaci Zamfara, sai su zaci rairayi ne zalla da ayarin raƙuma kamar ƙasar Agadas. Ba haka ba ne. Hamada tana can arewa da nisa, abin da take aiko wa Zamfarawa kurum shi ne iskar hunturu da hazonta. Yammacin jihar kuwa, watau ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi, ƙasa ce ta gulbi da fadama, ƙasar kuka da ɗorawa da kaɗanya da giginya. Gulbin Zamfara ya ratsa ta ya yi yamma, har ya je ya haɗu da Gulbin Sakkwato a jihar Kabi.

Wanda ya je Kano ana nuna masa Dala da Gidan Makama, na Katsina a kai shi Gobarau, na Sakkwato ya ziyarci Hubbaren Shehu. Waɗannan duka ba sa gusawa, ko yaushe mutum ya je zai tarar da su. A nan yamma kuwa mafi yawan abin kallo taro ne, taron da ke zuwa da lokacinsa ya wuce da lokacinsa. Saboda haka tilas baƙo ya san watan da zai taso.

Matafiyi daga Gusau yakan bi hanyar Sakkwato, ya ratse a Mayanci ya nufi Anka, sa'an nan hanya ta keta ƙasar Bukkuyum ta faɗa Ɗaki Takwas, inda ta Zuru ta rabu, daga nan sai Gummi. Anka ce ta fi cancanta a yada zango a daɗe, gama a nan gadon sarautar Zamfara yake. Tsohuwar daular ta yi zamaninta a Dutsi da Birnin Zamfara, har Gobirawa suka ci birnin a zamanin Sarkin Gobir Babari, cikin ƙarni na 18, suka kafa Alƙalawa. Daga nan sarakunan Zamfara suka yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, kafin su tabbata a Anka cikin ƙarni na 19. Shi ya sa har yau ake ce wa mai garin Sarkin Zamfaran Anka, kuma da aka cire Zamfara daga jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba 1996, gidan nan aka ba shugabancin majalisar sarakunan sabuwar jihar. Wani Bajamushe mai suna Kurt Krieger ya zauna a Anka yana tambayar dattawa, ya rubuta littafin tarihin Zamfara da aka buga a Jamus a 1959. Abin kunya ne gare mu a ce littafin da ke ɗauke da jerin sarakunanmu yana cikin Jamusanci, jikokin waɗanda suka ba da labarin ba su iya karanta shi.

Ranar da fada take nuna kanta ita ce ranar Salla. Hakimai da dagatai su shigo da dawakinsu, a ɗaura musu jalala da dauki-saka, dogarai su sha jajayen riguna, a taso daga masallacin Idi ana busa ana kirari, a zo ƙofar fada a yi jafi. Mai kunnen kiɗa ya saurari kotso da taushi, don Zamfara ce gidansu, ƙasar da ta haifi Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru. Haka ake yi a Gummi ƙofar Sarkin Mafara, sarautar da Mai Shari'a Lawal Hassan Gummi ya hau a 2013 bayan ya bar kujerar babban alƙalin babbar kotun Abuja. Salla dai takan ja baya da kamar kwana 11 kowace shekara. Ƙaramar Salla ta 2025 ta faɗo ƙarshen Maris, cikin zafin bazara mai narka mutum, amma wajen 2028 za ta shiga Fabrairu, watau hawa zai dace da sauran sanyi, wanda ya fi daɗi ga doki da mahayi da mai kallo.

In don ta mu ne, baƙo ya zo da kaka. An yanke gero da dawa, an ɗaure dammuna, rumbuna sun cika, aljihun samari ya yi nauyi. A lokacin ne ƙauyuka kan yi kalankuwa, a buɗe fagen kokawa da dambe da la'asar sakaliya, 'yan kalangu na zuga, mahauta na arewa da na kudu su ja daga. Fulani kuma su yi sharo a gefen kasuwa, saurayi ya ɗaga hannu yana duban madubi ana zabga masa tsumagiya, ba ya ko ƙifta ido. Ba a sayar da tikiti, ba a kafa allon sanarwa. Labari ne ke bin bakin 'yan kasuwa, ranar kaza ana wasa a gari kaza, jama'a su ɗunguma.

Da ruwa ya ja baya cikin rani, sai fadamun Gummi su ɗauka. Manoman rani su shiga albasa da shinkafa, masunta kuma su jira ranar da Sarkin Ruwa zai ba da izinin su. Wanda ya taɓa ganin bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka soma a 1934, to, ya ga babban wan wannan: homa da gora, mutane su auka ruwa gaba ɗaya. Bambancin kawai shi ne a nan ba rumfar manyan baƙi, kifin da aka kama kuma na miyar gida ne. Mai sauran ƙarfi yana iya zarcewa ƙasar Zuru ya ga bikin Uhola na Dakarkari, tun da maƙwabta ne. Damina kam ba lokacin yawo ba ne. Gulbi kan cika ya batse, a Agustan 2024 ambaliya ta raba dubban mutanen Gummi da gidajensu, a watan da ya biyo kuma kwale-kwale ya kife da manoma masu ƙetarawa zuwa gonakinsu, aka rasa rayuka da yawa.

To, jama'a, ba za mu ɓoye wa mai karatu abin da ya tare hanya ba. Ƙasar nan Allah ya binne mata zinariya, zinariyar kuwa ta zo da kuka. A 2010 likitocin ƙungiyar Na-gari Na-kowa suka gano yara suna mutuwa a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, saboda duwatsun da ake daka a tsakar gida don fid da zinariya suna ɗauke da gubar dalma. Yara kamar 400 suka rasu, garin Bagega kuwa sai a 2013 aka kankare masa ƙasar da ta gurɓata. Bayan wannan sai ga 'yan bindiga. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar a Afrilun 2019, ba ta ɗage ba sai Disambar 2024. A farkon Janairun 2022 aka auka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, hukuma ta ce mutum 58 aka kashe, mutanen wurin suka ce sun kai 200.

Dutsen Dala zai jira baƙo shekara ɗari, amma kalankuwa ba ta jira. Ƙauyen da ya watse ya koma zaman gudun hijira a makarantar firamare ba ya buɗe fagen dambe, Bafillacen da aka kore wa shanu ba ya zuwa sharo, yaron da ya tashi bai ga an ɗaura wa doki jalala ba kuwa, ba shi ne zai koya wa ɗansa ba. Tare da wasan kuma cinikin mai tsire da mai fura da baduku da maɗinkin sirdi yake tafiya. Muna ganin ya kamata majalisun sarakunan nan uku su sa a rubuta ranakun bukukuwan ƙasarsu da sunayen filayen da ake yinsu, a ɗauki muryar makaɗan fada da tsofaffin Sarakunan Ruwa tun suna raye, a kuma nemi wani ɗan ƙasa ya mai da littafin Krieger zuwa Hausa. Wannan aiki ba ya bukatar a jira ƙarshen fitina.

Wanda duk da haka ya ƙudura zuwa, kada ya taso sai yana da mai masauki ɗan gari wanda zai gaya masa halin da hanya take ciki a ranar, kada kuma ya yi tafiyar dare ko ya ratse daji don ganin ramin zinariya. In ya sauka ya fara kai gaisuwa fada. Ya tuna jihar tana bin shari'ar Musulunci tun Janairun 2000, ba a sayar da giya, ba a kuma ɗaukar hoton matan mutane ba da izini ba. In cikin Disamba ko Janairu ne, ya riƙo bargo da man kaɗe, don sanyin asuba a bakin gulbi yana tsaga leɓe.