Kwana, kwanciya da barci: matsalar auna barcin matasa da tambaya

Hanya mafi sauƙi ta sanin yawan barcin matashi ita ce a tambaye shi. Sai dai kafin likita ko mai bincike ya dogara da amsar, dole a tabbatar takardar tambayoyin tana auna abin da aka ce tana aunawa. Wannan shi ne aikin tantance ma'auni.

Yawanci ana yin sa ta hanyar kwatantawa. A shekarar 2003, Amy Wolfson da Mary Carskadon da abokan aikinsu suka gwada amsoshin ɗaliban sakandare a Amurka da littafin da kowanne ke rubuta barcinsa kullum, da kuma wata na'ura mai kama da agogon hannu wadda ke lissafin motsin jiki. A daren da ake wayar gari a tafi makaranta, amsoshin sun yi kusa da abin da na'urar ta nuna. A ƙarshen mako kuwa, ɗaliban sun ƙara wa barcinsu kusan rabin awa. Ita ma na'urar ba ta rasa aibi, domin wanda ya kwanta shiru idonsa biyu tana iya ɗaukarsa mai barci.

Wannan tantancewa ta tsaya ga harshen da aka yi ta. Ma'aunin Pittsburgh na 1989, wanda aka tsara don manya, yana tambayar lokacin kwanciya, da mintocin da ake ɗauka kafin barci ya zo, da lokacin tashi, da awannin barci a cikin watan da ya wuce. Idan aka juya shi zuwa Hausa, kowace tambaya tana da tarkonta. “Kwana” na nufin dare ya wuce wa mutum, ko da bai runtsa ba. Shi ya sa ake cewa an kwana zaune. “Kwanciya” ta jiki ce, “barci” na ido. “Farkawa” daban, “tashi” daban. Ɗalibin da ya tashi sallar asuba, ya koma ya ƙara barcin awa guda, wane lokaci zai rubuta? Duk wanda ya zaɓa gaskiya ya faɗa, amma lissafin zai bambanta da awa ɗaya ko fiye.

Abin da aka saba yi shi ne wani mafassari ya mai da Hausar zuwa harshen asali, a ga ko sun dace. Wannan bai wadatar ba, don “tashi” zai koma daidai, shubuhar kuma tana nan. Abin da ke tona ta shi ne a zauna da matasan Maraɗi ko Damagaram, a karanta musu tambaya, a ce su faɗi abin da suka fahimta da yadda suka ƙirga amsar. Bayan an gyara kalmomin ne ya dace a ɗaura musu na'urar.