Shaidar 'Ya'ya ko Binciken Likita?

Rikicin yakan taso ne a kan gona ko gida. Tsoho ya ce zai sayar da gonarsa ta bakin titi, ko zai ba amaryarsa kyautar gidan da take ciki, sai babban ɗa ya tara ƙannensa a zaure ya ce, "Baba fa ya fara ruɗewa, a karɓe takardun nan." Daga ranar maganar Baba ta koma ta yaro. To, wa ya tabbatar da ruɗewar? Ko dai a dogara da shaidar mutanen gida, ko a kai shi likita ya duba.

Shaidar gida tana da nauyin da ba za a raina ba. Matar da ta shekara arba'in tana kai masa tuwo ta san abin da likita ba zai gani a zama ɗaya ba. Ita ta ga ya maimaita sallar La'asar, ita ta ga ya dawo daga masallaci ya wuce ƙofar gidansa, ita ta san da hantsi garau yake, amma da magariba ta gabato sai ya fara kiran jikansa da sunan ƙanensa da ya rasu. Masana ma sun san darajar wannan sani. A binciken gigin tsufa da aka fara a 1992 tsakanin Ibadan da Indiyanafolis ta Amurka, ba tsohon kaɗai ake yi wa tambayoyi ba, har da wani na jikinsa.

Matsalar ita ce masu shaidar su ne magada. Fiƙihu bai karɓar shaidar mutum a kan abin da zai jawo wa kansa amfani, amma a zaure babu mai tuna wannan ƙa'ida. Sau da yawa abin da ake kira ruɗewa zaɓi ne kawai da 'ya'ya ba sa so. Akwai kuma akasin haka, wanda ya fi ba ni tausayi: gidan da kunya ta hana su faɗi, suna cewa tsufa ne kawai, har ɗan damfara ya zo ya dangwala yatsan tsohon a takarda, fili ya tafi.

Likita ba shi da gado a gonar. Aikinsa na farko shi ne ya gano ko ruɗewar mai wucewa ce, domin ciwon mafitsara, hawa ko faɗuwar suga, wasu magunguna, har da kurumta, duk suna sa tsoho ya yi kama da wanda hankalinsa ya gushe, kuma da magani sai ya dawo daidai. Sannan tambayarsa ta bambanta da ta gida. Gida na tambayar ko Baba ya ruɗe. Likitan da ya san aikinsa yana tambayar ko Baba zai iya yanke wannan shawara, a wannan lokaci. Dokar Ingila ta 2005 ta tsara abin a fili: ya fahimci bayanin, ya riƙe shi, ya auna shi, ya faɗi abin da ya zaɓa, kuma ta ce mummunan zaɓi ba hujjar rashin hankali ba ne. "Baba, nawa aka taya gonar? In ka sayar, me za ka yi da kuɗin? Me zai rage wa iyali?" In ya amsa waɗannan, mantuwar abin da ya karya da shi da safe ba ta isa a ƙwace masa sa hannu ba. Tun 1870 wata kotun Ingila ta tabbatar da wasiyyar John Banks, mutumin da ya yi imani miyagun iskoki na bibiyarsa, saboda wannan ruɗu bai taɓa saninsa da dukiyarsa da danginsa ba.

Sai dai awon likita ma yana zalunci. Gwajin da ya fi yaɗuwa, mai maki 30, wanda aka fitar a 1975, yana neman mutum ya faɗi kwanan wata, ya rubuta jimla, ya kwaikwayi zane, ya yi ta cire bakwai daga ɗari. A ba dattijon da ya yi karatun allo, mai lissafi da watan sama, wanda bai saba riƙe biro ba, sai ya faɗi warwas, alhali zai fitar maka da zakkar hatsinsa ba kuskuren tiya ɗaya. Ga ƙarancin likitocin ƙwaƙwalwa, ga nisan asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ko na Kware ko na Dawanau ga mutumin ƙauye, ga sunan da jama'a suka laƙaba wa waɗannan asibitoci. Najeriya kanta sai a Janairun 2023 ta rabu da tsohuwar dokar tabin hankali ta 1958.

Duk da haka, in an ce in zaɓa, likita nake sa wa a gaba, 'ya'ya su zama masu ba da labari, hukunci kuma ya tafi gaban alƙali. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Littattafan Malikiyya irin su Muhtasar da Tuhfa suna da babin hajru, wato hana mutum juya dukiyarsa, kuma aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta yi umarni a jarraba maraya kafin a miƙa masa tasa. Imam Abu Hanifa ma bai yarda a yi wa baligi mai hankali hajru don yana almubazzaranci ba. Malamai sun ɗauki abin da girma haka, ina dalilin da za a gama shi a zaure cikin dare ɗaya?

In za a kai Baba, a kai shi da safe, a yi masa magana da harshensa, a tabbatar yana ji yana gani, ɗan da ya fi matsa wa maganar gonar kuma ya jira a waje. A sake zama bayan 'yan makonni in akwai shakka. Ko da an tabbatar ba zai iya cinikin fili ba, wannan bai hana shi riƙe kuɗin cefane da sadakarsa ta Juma'a ba, kuma duk wanda alƙali ya naɗa ya kula da sauran dukiyar ya riƙa rubuta shige da fice, yana nuna wa 'yan'uwansa.