Kan jirgi ɗaya, tafiyar ɗaruruwan mutane: Yadda ake tsara jigilar Kaduna zuwa Abuja

Mazaunin Badarawa da ke son kama jirgin safe sai ya yi sammako, domin tashar Rigasa tana can yammacin gari. Amma ko ya isa da wuri, tafiyarsa ta rataya ne a kan abu guda: lafiyar kan jirgin da zai ja taragai.

Layin dogon, mai tsawon kilomita 186, ya fara aiki a watan Yulin 2016 ƙarƙashin Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, NRC. Kawunan jiragensa da man dizal suke aiki.

Ba kowace tafiya ke da nata kan jirgin ba. Wanda ya kai fasinjoji tashar Idu shi ake sa ran ya dawo da wasu. Don haka mai tsara jadawali yakan ware lokacin shan mai, duba birki da hutun direba. Kuma da yake layin guda ne, jirage biyu ba sa wuce juna sai a tasha. Ɗaya ya makara, ɗayan ya jira.

Shi ya sa yawan kawunan ke da muhimmanci. A watan Janairun 2018, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da ƙarin kawuna biyu da taragai goma a Rigasa.

Idan babu kan jirgi na ko-ta-kwana, lalacewar guda kan rage zirga-zirgar yini, fasinja ya koma neman mota.