Darar Turawa: Yadda Lissafin Basarake Ya Ɓace A Taku 17

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan 'yan dara da la'asar, ko a Sabo ta Ibadan ne ko a Agege ko Idi-Araba, ya san irin kallon da mutum yakan yi wa ƙasa bayan an cinye shi, yana neman inda ya ɓata. Galibi takun ƙarshe yakan ɗora wa laifi, alhali kuwa tun can baya aka haƙa masa ramin, shi da kansa ya taya haƙa. To, Turawa ma suna da tasu darar wadda suke kira ces, Larabawa kuwa su ce shaɗaranji. A cikin tarihinta akwai wani wasa guda da aka yi a birnin Faris wajen ƙarshen shekarar 1858, wanda har yau da shi ake koya wa yara, don a nuna musu yadda ɗan koyo yake tunani da inda tunanin nan yake kai shi.

Wasan ba baƙo ba ne ƙwarai a ƙasar nan. A fadar Barno an yi wani irinsa da ake kira tsatsarandi, inda 'ya'yan suke da sunayen sarauta kamar Mai da Ciroma da Kaigama. Mazauna Ikko kuwa wataƙila sun ji labarin Tunde Onakoya, wanda ya koya wa yaran ƙarƙashin gadar Oshodi wasan, kuma a watan Afrilu na 2024 ya yi awa 60 yana buga shi a birnin New York.

Allo ne mai gida 64, takwas a tsaye takwas a kwance, ana kiran layukan tsaye da haruffa daga a zuwa h, na kwance da lambobi daga 1 zuwa 8. Kowane ɓangare yana da 'ya'ya 16, watau sarki da sarauniya, soro biyu, giwa biyu, doki biyu, da dakaru takwas a gabansu. Soro miƙe yake tafiya, giwa a karkace, sarauniya ta haɗa tafiyar duka biyu, doki kuwa shi kaɗai yake tsallake kan waɗansu. Wajen ƙima, akan ce dakare ɗaya ne, doki ko giwa uku, soro biyar, sarauniya tara. Amma ga inda ya bambanta da darar gida: ko mutum ya cika buhu da 'ya'yan abokin wasansa, muddin aka ritsa sarkinsa ba mafita, shi ke nan an cinye shi.

Mutum biyu a kan ɗaya

Mai fararen 'ya'ya a ran nan wani saurayi ne ɗan Amurka, Paul Morphy, haifaffen New Orleans, shekarunsa 21. Ya karanta aikin lauya ya gama tun shekarunsa ba su kai a yarda masa ya kama aiki ba, sai ya haye Turai a 1858 yana neman wanda zai kara da shi. A watan Disamba na shekarar ya ka da Adolf Anderssen na Jamus, wanda ake ganin babu kamarsa a lokacin.

Masu baƙaƙen 'ya'ya su biyu ne, suna shawara a kan kowane taku. Na farko Karl, tsohon sarkin ƙasar Brunswick ta Jamus, wanda talakawansa suka yi masa bore a 1830 suka ƙone fadarsa, ya gudu, aka naɗa ƙanensa Wilhelm. Ya zauna a Faris da dukiya mai yawa da lu'ulu'ai, ba sarauta, ba aikin yi. Na biyu wani basaraken Faransa ne mai suna Isouard. Dukansu masu sha'awar wasan ne, sun san dokokinsa, sun daɗe suna bugawa, amma ba gwanaye ba ne. A gidan wasan kwaikwayo na waƙe aka yi karon, cikin keɓaɓɓen ɗakin da Karl yake da shi dab da dandali. Sakataren Morphy, Frederick Edge, ya ba da labarin cewa a ɗakin nan akan zaunar da saurayin yana ba dandali baya, ga shi kuwa mutum ne mai son kiɗa ƙwarai, su kuwa manyan biyu suna ta gardama a kan abin da za su taka.

Takun mutum shi yake tona abin da ke zuciyarsa, saboda haka ba wuya a bi sawun tunaninsu ɗaya bayan ɗaya.

Farkon wasa babu aibu. Kowa ya tura dakaren gaban sarki gida biyu, Morphy ya fito da doki yana neman cin nasu, suka kare shi da wani dakaren. Wannan kariya sunan wani gwanin Faransa ta ci, Philidor, wanda shi ma, abin dariya, mai tsara waƙoƙin wasan kwaikwayo ne. Morphy ya ƙara turo dakare na biyu tsakiyar fili. A nan, taku na uku kacal, suka fito da giwarsu can gidan g4 ta tsaya a kan dokin Morphy, bayan dokin kuwa sarauniyarsa ce. Nufinsu a fili yake: mun turke dokin nan, in ya motsa mu ci sarauniya. Dabara ce mai kyau a ido, amma ba su duba abin da zai biyo baya ba. Morphy ya ci dakarensu na tsakiya. Sai yanzu suka ga cewa in sun rama nan take, zai yi musayar sarauniya da su, turken ya kwance, dokin ya ci musu dakare a banza. Ala tilas suka ba da giwar nan suka karɓi doki, sarauniyar Morphy ta ci giwar ta fito fili, sa'an nan suka rama dakarensu.

In mai karatu ya ƙirga, ba wanda ya fi wani ko da ɗa guda. Lalle su ma haka suka ƙirga, hankalinsu ya kwanta. Abin da ƙirgar ba ta nuna ba shi ne, ɗan da suka wahala suka fitar ya bar allo, duk manyan 'ya'yansu suna gida a zaune, shi kuwa sarauniyarsa tana waje, kuma shi ne da taku.

Ya fito da giwa zuwa c4. Ita da sarauniya suka haɗa ido a kan dakaren f7 da ke gefen sarkinsu, wanda ba mai tsaronsa sai sarkin kansa. Taku ɗaya ya rage a gama. Sun gani, suka fito da doki f6 suka tare wa sarauniya hanya. Sai ta zame ta koma b3 bayan giwarta, ta sake duban f7, kuma a lokaci guda tana duban dakaren b7 a ɗaya gefen. Gobara biyu, guga ɗaya.

A nan sai an yaba musu, don kuwa sun yi tunani mai zurfi. Suka sa sarauniyarsu a gaban sarki, gidan e7, ta tsare f7. Lissafinsu shi ne, in saurayin ya yi kwaɗayi ya ci dakaren b7, sai su tilasta masa musayar sarauniya, su yi hasarar dakare guda amma su huta da farmaki. Sai dai duk lissafin an gina shi ne a kan cewa abokin wasa zai so abin da su za su so in da su ne. Morphy ko kallon dakaren bai yi ba. Ya fito da dokinsa na biyu. Ita kuwa sarauniyar da suka ajiye a e7 ta toshe wa giwarsu ƙofa, giwar ta toshe wa soro, sarki kuma ba shi da halin shigewa lungun wannan gefe ya ɓuya, don sai giwar ta fita wannan zai yiwu.

Suka tura dakaren c gida ɗaya don sarauniya ta hango b7 ta tsare shi. Ya tsaru, amma gidan da dakaren ya zauna shi ne wanda dokinsu na biyu ya kamata ya fita ta kansa. Morphy ya fito da giwarsa ta biyu zuwa g5, ya turke dokin f6 a gaban sarauniyarsu, irin turken da suka so yi masa da farko.

Taku na tara

Ga halin da suke ciki: dokin f6 a turke, giwa a kulle, soro a kulle, ɗaya dokin in ya fito gaban sarauniya ya tare mata ganin b7. Duk wanda ya taɓa shiga irin wannan matsi ya san abin da zuciya take cewa, watau a yi wani abu, ko mene ne, a daina zama ana kallo. Masana wasan sukan nuna cewa da sun janye sarauniya gefe zuwa c7 sun buɗe wa giwa ƙofa, da ko sun sha wuya ba a gama da su nan da nan ba. Amma janyewa ba ta da daɗi ga mai girman kai. Sai suka tura dakaren b gida biyu ya tokari giwar nan ta c4 da ta dame su. A ganinsu dakaren yana da mai tsaro a bayansa, ba mahaukacin da zai ba da ɗa mai ƙima uku don ya ci mai ƙima ɗaya, saboda haka dole giwar ta ja da baya su sami sarari.

Morphy ya ci dakaren da doki. Suka ci dokin, me za su jira? Giwa ta ci dakare na biyu, ta yi wa sarki kashedi. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya. A ƙirga sun fi shi da ɗaya, amma dakarun nan biyu su ne katangar da ta kare sarkinsu ta wannan gefe, ga ta sun rushe da hannunsu.

Suka tare da doki a d7. Morphy ya shigar da sarkinsa lungu, wanda a taku guda ya kawo soronsa layin d yana duban dokin. Suka jawo nasu soron bayan dokin. In an ƙirga masu tsaron gidan d7 huɗu ne, ga sarki, ga sarauniya, ga soro, ga dokin f6, masu kai hari kuwa biyu. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, in ji masu magana, amma a nan ƙirgar ta yi ƙarya, don dokin f6 mai gadi ne da aka ɗaure a turke, yana gani ba ya iya tasowa. Wannan kuskure na ƙirga ɗaurarre cikin masu gadi yana daga cikin waɗanda 'yan koyo suka fi yi.

Morphy ya ci dokin da soro, suka ci soron da nasu. Yanzu sun fi shi da uku. Shi kuwa ya jawo soronsa na biyu daga lungu ya tsaya daidai inda na farko ya bari. Ya ba da biyar ya karɓi uku, amma yana da wani a ajiye da zai maye gurbi, nasu na biyun kuwa yana can kulle bayan giwa.

Takunsu na 14 shi ne ya fi ban tausayi, don yana da hujja har biyu. Suka ɗaga sarauniya gida ɗaya zuwa e6. Da haka dokin f6 ya kwance daga turke ya zama mai gadi na gaskiya, kuma sarauniyar ta fuskanci ta Morphy tana neman musaya. Wanda ya fi kaya kuwa ai musaya ribarsa ce. Duk wannan daidai ne. Abin da ba su duba ba shi ne abin da sarauniyar take tarewa a inda ta baro. Tsakanin giwar Morphy ta g5 da gidan d8, wanda ke gefen sarkinsu, abu biyu ne suka tsaya, sarauniya da doki. Sun ɗauke ɗaya da kansu. Morphy ya ci soro da giwarsa ta b5 da kashedi, suka ci giwar da dokin da suka kwance yanzu-yanzu, watau sun ɗauke na biyun ke nan. Da da sarauniya suka ci, da wasan ya ɗan ƙara tsawo, ko da yake ba tsira za su yi ba.

Sai saurayin ya ɗauki sarauniyarsa, babbar kadararsa, ya dire ta a b8 a bakin dokinsu, da kashedi. Ba su da wani taku da doka ta yarda da shi sai su ci, suka ci. Dokin ya bar layin d, soro ya zarce har d8, giwa tana tsare da shi daga nesa. Sarki ba gaba ba baya. Taku 17.

A kan allo a lokacin Morphy ba shi da sauran manyan 'ya'ya sai soro ɗaya da giwa ɗaya. Su kuwa suna da sarauniya da soro da giwa da doki, sun fi shi da ƙima goma cur. Giwarsu ta gefen sarki da soron bayanta da sarkin kansa, tun da aka jera su ba wanda ya taka ko gida ɗaya, kuma giwar nan da ba ta taɓa fita ba ita ce ta cike gidan da sarkin zai gudu.

Morphy ya koma Amurka a 1859, ba da daɗewa ba ya bar wasan gasa, aikin lauyan ma bai karɓe shi ba, ya rasu a 1884 yana da shekara 47. Karl ya ƙaura zuwa Janeba ta ƙasar Suwizalan, ya rasu a can a 1873, ya bar wa birnin dukiyarsa da sharaɗin a gina masa hubbare na alfarma don kada a manta da shi. An gina, yana nan a bakin tafkin birnin. Amma yaran da ke koyon ces, daga Ikko har Indiya, da wasan nan na Faris suka san sunan Brunswick.