Yadda wake zai tsare ƙaramin manomi a Indabo daga gajeriyar damina da karyewar farashi

Manoman Indabo, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Wudil a Jihar Kano, na fuskantar matsaloli biyu da suka zama ruwan dare a Arewa: damina da kan zo a makare ta ɗauke da wuri, da farashin amfanin gona da ke karyewa da kaka, daidai lokacin da bashi da hidimar gida ke tilasta wa manomi sayarwa. Sau da yawa hatsin da ya sayar da arha shi zai koma ya saya da tsada kafin sabon gero ya nuna.

Wake na cikin amfanin da ke iya rage waɗannan matsaloli biyu a tare. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya da cibiyar IITA, wadda ke da reshe a Kano, sun samar da irin da ke nuna cikin wata biyu zuwa biyu da rabi. Ko ruwa ya ɗauke da wuri, manomi ba zai tashi a tutar babu ba. Masu bincike a Kano sun kuma gwada shuka layi biyu na dawa ko masara, layi huɗu na wake, domin waken ya samu hasken rana. Saiwarsa na ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin, wanda ke rage kuɗin takin zamani.

Ribar kuwa tana wajen ajiya. Buhun PICS mai ninki uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, yana toshe iska har ƙwarin da ke huda wake su mutu ba tare da an zuba magani ba. Da shi manomi zai ware abincin iyali, ya jira farashi ya ɗaga kafin ya fitar da saura.

Harawa ma kuɗi ce. Wudil na da babbar kasuwar shanu da ke ci ranar Juma'a, kuma masu kiwo da dillalai na neman abincin dabbobi, musamman da rani.

Sai dai wake ba ya jure sakaci: in ba a yi masa feshi lokacin fure ba, tsutsa ta gama da shi. Don haka kafin a saka iri a ƙasa, ya kamata manomi ya saurari hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara, ya kuma tambayi 'yan kasuwa irin waken da masu saye suka fi nema.