Maryamu Uwar Yesu: Ina Muka Haɗu da Katolika, Ina Muka Rabu?

A Birnin Kudu da Gwaram masu bi ba su da yawa. 'Yan Katolika, ECWA da Angilikan suna auratayya, suna halartar jana'izar juna. Saboda haka kowane ma'aikacin ikilisiya zai gamu da wannan tambaya: “Fasto, Katolika suna yi wa Maryamu sujada ne?” Dole amsarmu ta zama gaskiya, ba jita-jita ba.

Mu fara da inda muka haɗu. Dukanmu mun gaskata budurwa ce ta haifi Yesu ta ikon Ruhu Mai Tsarki (Luka 1:26-38). Majalisar Afisa a shekara ta 431 ta kira ta Uwar Allah domin ta tabbatar cewa ɗan da ta haifa Allah ne na gaske. Ba ta ce Allah ya samo asali daga wurinta ba. Martin Luta ma ya riƙe wannan, har ya rubuta fassarar waƙar Maryamu a 1521.

Inda muka rabu uku ne. Na fari, roƙo ta wurinta. Katolika suna cewa sujada ta Allah ce kaɗai, Maryamu bangirma ake ba ta, ana kuma neman ta yi musu addu'a kamar yadda mai bi yakan nemi addu'ar ɗan'uwansa. Mu kuwa mun tsaya a kan 1 Timoti 2:5, cewa matsakanci ɗaya ne, kuma ba mu ga inda manzanni suka roƙi wanda ya rasu ba. Na biyu, koyarwa biyu da Roma ta wajabta: a 1854 Fafaroma Piyus na 9 ya ce an ɗauki cikinta ba tare da zunubin gado ba, a 1950 Piyus na 12 ya ce an ɗauke ta sama jiki da rai. Na uku, 'yan'uwan Yesu a Markus 6:3: Katolika sun ce dangi ne, yawancinmu mun ce 'ya'yan Maryamu ne.

Tushen rabuwar shi ne iko. Katolika suna karɓar Littafi Mai Tsarki tare da Al'adar Ikilisiya. Mu Littafi kaɗai ne ma'auninmu. Wanda bai gane wannan ba zai yi ta gardama a kan carbi da mutum-mutumi, ya bar jaki yana dukan taiki.

Ku tuna maƙwabtanmu Musulmi suna saurare. Alƙur'ani yana da sura guda mai sunan Maryam, kuma Suratul Ma'ida 5:116 ta yi maganar ɗaukar Isa da uwarsa alloli. Idan fasto ya hau bagade ya ce Katolika suna bauta wa Maryamu, ya ɗora musu abin da suka musanta, ya kuma tabbatar wa maƙwabci zargin da yake yi wa Kirista duka. Ko sunan babbar majami'ar Katolika ta Kano, wadda dayosis ɗinta ya haɗa da Jigawa, yana bukatar bayani: Fatima a nan sunan gari ne a Fotugal.

Saboda haka, bayin Ubangiji, ku faɗi matsayin Katolika yadda su ma za su yarda haka yake, sa'an nan ku nuna dalilinmu daga Nassi. Kada tsoron Katolika ya sa mu yi shiru a kan matar da Luka 1:48 ya nuna dukan zamanai za su ce da ita mai albarka. Ku yi wa'azi a kan biyayyarta, da yadda ta nuna wa bayi Yesu a bikin Kana (Yohanna 2:5).