FUMFUNA A BUTUTUN ISKA: WA ZA A KIRA YA WANKE?

Da yawa daga cikinmu muna da ɗa ko ƙane da ya je karatu Amurka, ya sami aiki, ya yi aure, har ya sayi gida. Wata matsala da waɗannan 'yan'uwa namu sukan gamu da ita ita ce ta fumfuna a cikin bututun iska, da kuma masu yawo gida gida suna cewa su ne masu maganinta. Mun ga ya dace mu yi bayani, gama abin ya shafi lafiyar yara, ya kuma shafi kuɗin gumi.

Gidan Amurka ba kamar namu yake ba. Yawancinsu da katako ake gina su, a toshe ko'ina domin kada sanyi ya shiga. Inji guda ne yake ɗumama gida da hunturu, ya sanyaya shi da bazara, iskar kuwa tana bi ta cikin bututai da aka shimfiɗa a rufi da ƙarƙashin daɓe zuwa kowane ɗaki. Sa'ad da injin yake sanyaya iska, ruwa yakan tsatsafo a jikinsa, kamar yadda yake yi a jikin kwalbar da aka fito da ita daga firiji. In magudanar wannan ruwa ta toshe, ko rufi ya yi yoyo, laima ta haɗu da ƙura, sai fumfuna ta tsiro, injin kuma ya riƙa hura ta cikin ɗakunan kwana.

Batun ba na wasa ba ne. A shekarar 2004 Cibiyar Nazarin Lafiya ta Amurka ta fitar da rahoto cewa zama a gida mai laima da fumfuna yana da alaƙa da tari, da toshewar hanci, da tashin ciwon asma ga masu shi. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma ta fitar da jagora a kan wannan. Bayan guguwar Katrina a 2005, da ta Harvey wadda ta cika birnin Hustan da ruwa a 2017, gidaje masu ɗimbin yawa sun yi fama da fumfuna. Tun kafin nan, a 2001, wata kotu a jihar Tekzas ta yanke a biya wani iyali dala miliyan 32 a shari'arsu da kamfanin inshora a kan gidansu da fumfuna ta lalata, ko da yake kotun ɗaukaka ƙara ta rage kuɗin zuwa kimanin miliyan 4. Labarin ya tsorata mutane, inda tsoro ya yi yawa kuwa, nan macuta suke kafa kasuwa.

YAUSHE NE WANKI YA ZAMA DOLE?

Hukumar Kare Muhalli ta Amurka, wadda ake kira EPA, ta wallafa jagora a kan wannan tun 1997, kuma abin da ta faɗa zai ba mutane da yawa mamaki. Ta ce ba a taɓa tabbatar da cewa wanke bututu kawai yana hana ciwo ba, gama yawancin ƙurar tana manne a jikin bututun, ba ta tashi. Saboda haka ba ta ba da shawarar a mai da wankin al'adar kowace shekara ba. Dalilai uku ta kawo da za su sa a kira ma'aikata: in an ga fumfuna sosai a cikin bututun ko a jikin injin, in ɓeraye ko ƙwari sun yi sheƙa a ciki, ko kuwa in datti ya cika shi har ana ganin ƙura tana fitowa cikin ɗaki.

Ga yadda cutar takan kasance. Za a jefa takarda a akwatin wasiƙa, ko a buga waya, a ce za a wanke gida duka da kuɗi kaɗan, abin da bai kai dala 100 ba. Mutum ya zo da ɗan inji, ya leƙa ciki da tocila, ya girgiza kai, ya ce akwai fumfuna mai kisa, yara suna cikin hatsari, aikin kuma yanzu zai ci dubbai. Uwa ta dubi jaririnta, ta sa hannu a takarda. Alhali jagorar EPA ta 1997 ta ƙiyasta cewa a lokacin wankin gaskiya yana cin tsakanin dala 450 zuwa 1,000, gwargwadon girman gida. Araha ba ta ado.

ABIN DA ZA A TAMBAYA

Da fari, a ce wa mutumin ya nuna fumfunar da ido. Ba kowane baƙin tabo ne fumfuna ba. Ana iya manna salatif mai haske a wurin, a ɓamɓaro, a aika ɗakin gwaji ya tantance da kuɗi kaɗan.

Na biyu, wanda ya duba ya zama daban da wanda zai yi aikin. Wannan ya zama doka a wasu jihohi: a Niyu Yok, tun 2016, kamfanin da ya binciki fumfuna a gida ba shi da izinin ya karɓi kwangilar kawar da ita a wannan gida. Filorida da Tekzas su ma suna bukatar lasin ga masu wannan sana'a. Hikimar tsohuwa ce. A Littafin Firistoci sura 14, in tabo ya bayyana a bango, firist ne yake zuwa ya duba, ya rufe gidan kwana bakwai, ya sake dubawa, sa'an nan waɗansu dabam su cire duwatsun da suka kamu, su kankare, su sake yaɓe.

Na uku, a nemi farashi a rubuce daga kamfani uku, a kuma tambayi waɗanda suka taɓa yi wa aiki. Akwai ƙungiyar masu sana'ar, NADCA, wadda aka kafa a 1989, mai ƙa'idodin aiki da jerin sunayen membobinta. Wanda kuwa ya ce EPA ce ta ba shi takardar shaida, a sallame shi tun daga ƙofa, gama hukumar ba ta ba kowane kamfanin wanke bututu irin wannan takarda.

Na huɗu, aikin ya haɗa da injin duka: fanka, da wurin sanyaya iska, da kaskon da ruwa yake taruwa. In an wanke bututu an bar tushen, ba da daɗewa ba datti zai koma. Injin zuƙe ƙurar kuma ya kasance mai fitar da ita waje, ko mai rariya ta musamman, don kada a kwashe datti daga rufi a zuba a falo.

BATUN FESHIN MAGANI

A nan ne ya kamata a fi lura, gama abin da aka fesa a bututu shi iyali za su shaƙa. A nemi ganin takardar da ke jikin kwalbar, a tabbata an yi wa maganin rajista domin amfani a cikin bututun iska. In bututun na ƙarfe ne, ana iya goge shi ya fita sarai. In kuwa an yi masa shafi da audugar gilas, ta jiƙe ta yi fumfuna, babu feshin da zai gyara ta, sai a cire a sa sabuwa. Waɗansu sukan zo da injin iskar ozon su ce yana tsarkake gida, amma wannan iska kanta tana cutar da huhu.

Sama da duka, a tambayi ma'aikacin daga ina ruwan yake zuwa. Wanda bai damu da wannan tambaya ba, yana shirin dawowa baɗi ne ya sake karɓar kuɗi. Fumfuna ba ta rayuwa sai da laima. Abin da ya jiƙe a busar da shi cikin awa 24 zuwa 48, laimar ɗaki kada ta wuce kashi 60 cikin 100, a kuma riƙa sauya rariyar injin a kan kari. In tabon a bango yake, bai kuma kai murabba'in mita 1 ba, mai gida da kansa yana iya wanke shi da ruwa da sabulu, ya sa safar hannu da abin rufe hanci.

Mu da muke gida ma kada mu ce ba ruwanmu. Manyan ofisoshi da otal otal na Abuja suna da irin waɗannan bututai, kuma kowace damina muna ganin abin da yoyo yake yi wa silin da bayan kabad. Ku yanke wannan shafi ku aika wa naku da suke can, ku ce musu su duba kafin su sa hannu. In kunne ya ji, jiki ya tsira.